Magen da Take Warkewa Ranar Dokar Hana Fita

Shekarun baya, lokacin da Kano ta rikice da tashin bama-bamai, na yi wata jinya da har yau in na tuna sai in yi dariya. Ba jinyar mutum ba ce, ta 'yar mage ce. Waɗanda suka zauna cikin gari a shekarun nan sun san yadda ake kwana a tashi. Yau a buɗe kasuwa, gobe a ji ƙara daga nesa, kafin la'asar rediyo ta ce kowa ya zauna a gida. Ni a lokacin na gama makaranta, aiki bai samu ba, ina zuwa shagon baffana a kasuwa ina taya shi sayar da yadi.

Wata safiya da aka sassauta dokar, na fito daga gidanmu a Madabo zan sayo burodi, sai na ji wani siririn kuka a lungunmu. Akwai wani gida da 'yan haya suke ciki, da abin ya yi tsanani suka kulle shi suka bar garin. A bakin kwatar gidan na same ta. Ba ta wuce tafin hannuna ba, baƙa wuluk sai ɗan fari a ƙirji, kwantsa ta liƙe mata idanu duka biyun. Na duba ko zan ga uwarta, babu alamarta. Ni ba mai son dabbobi ba ne, ko kaza ban taɓa kiwo ba, amma sai ga shi na cire hulata na sa ta a ciki na juya gida.

Mahaifiyata ta leƙa hular ta dube ni. "Burodin ke nan?"

Na ce, "Umma, mutuwa za ta yi in na bar ta."

Ta ce, "To Allah ya ba ka lada. Amma ka sani kashinta da fitsarinta naka ne."

Sai kakata ta wajen uba, wadda duk gidan muke kira Inna. Mu asalinmu masu shanu ne. Kakana ne ya shigo birni ya kama kasuwanci, Inna ta biyo shi daga ruga, ta tsufa a cikin ganuwa amma ba ta taɓa yarda ta zama 'yar birni ba. Ragowar shanunta suna wajen ƙaninta a ƙauye, 'yar ƙanin nata ce take kawo mata madara da hantsi duk ranar da hanya ta yi kyau. Wannan madarar ita ce rabin abincin Inna, ba mai taɓa mata. Mace ce mai fulako na gaske. Mahaifina shi ne ɗanta na fari, ban taɓa jin ta kama sunansa ba, kuma ranar da ya rasu ba wanda ya ga hawayenta. Na taso ina ganin kamar dai bai dame ta sosai ba. Ni kuwa maigida take kirana, irin wasan kaka da jika.

Ta dubi abin da ke cikin hular ta taɓe baki. "Maigida, gidan da aka sani da garke yau kiwon mage ya koma? Matsar min da ita, kada in gan ta a ƙofar ɗakina."

Na samo kwali na shimfiɗa tsohuwar riga, na ajiye ta a gefen ɗakina. Na wanke mata ido da ruwan ɗumi, na dama madarar gari ina ba ta a murfin kwalba. Kwana biyu sai ga zawo, ruwa-ruwa, har tana kasa tsayawa da ƙafafunta. Abokina ya kwatanta min wani likitan dabbobi a wajen ganuwa, na rufe kwalin na huda masa ƙofofin iska na tari adaidaita sahu.

Abin da ban yi tunani ba shi ne shingen sojoji. A lokacin in an zo shinge kowa sauka yake, a ɗaga hannu a wuce a ƙasa. To ni ga kwali a rufe, na rungume shi da hannu biyu, a garin da ake tsoron ko ledar da aka yar a gefen titi. Wani soja ya daka min tsawa in tsaya a inda nake. Mutanen da muka sauko tare suka dare, kowa ya yi nesa da ni. Ya ce in ajiye shi a hankali, in buɗe da kaina. Na buɗe, ita kuma ta ɗago kai da idonta ɗaya a liƙe ta yi masa kuka. Ya daɗe yana kallona. Da guntuwar Hausarsa ya ce, "Gari yana wuta, kai kana kai mage asibiti?" Na ce masa eh. Ya girgiza kai ya ce in wuce.

Likitan dattijo ne, ya fi sabawa da shanu da raguna. Ya ce tunda garin ya rikice ni ne na farko da ya kawo masa mage. Ya duba bakinta, ya ja fatar wuyanta ya saki, ya ce ruwan jikinta ya yi ƙasa. Ya ba ni man shafawa a ido da maganin tsutsar ciki, ya nuna min yadda zan riƙa ɗura mata ruwan gishiri da sukari da sirinji. Ya ce ta isa cin abinci, in dafa kifi ko ƙwai in murmushe mata. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Madara kuwa, ko ɗigo kada ka ƙara ba ta."

Da na dawo na tsaya a tsakar gida na sanar, kamar wani babban ma'aikacin lafiya, cewa likita ya hana a ba ta madara. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi, ta ce, "Ai da gaskiyarsa. Wannan garin na gwangwani ba madara ba ne, alli ne." Na yi dariya na wuce, ban ɗauki maganar a bakin komai ba.

Washegari aka ji harbe-harbe, aka sake kulle gari kwana uku. A kwana ukun nan magen ta miƙe. Zawo ya tsaya, ido ɗaya ya buɗe tar, ta fara bin igiyar wandona tana kai mata cafka. Na ce alhamdu lillahi, an gama. Aka ɗage doka, na koma kasuwa, kwana biyu kawai na dawo da yamma na tarar da ita a kwance cikin ƙazanta, cikinta ya kumbura yana ƙugi.

Daga nan kaina ya ɗaure. Na ce ko kifin ne, na koma ƙwai. Na ce ko ruwan rijiya ne, na koma tafasa mata ruwa, ni da kaina ban sha tafasasshe ba. Na wanke kwali, na sake kwali, na ɗauke ta daga gefen ɗakina na mayar ƙarƙashin rumfa. Sau biyu na sake ratsa shingen nan, har sojan ya gane ni, in ya hango ni sai ya ce, "Mai mage, ba ta mutu ba?" Likita ya yi mata allura, ya sake tambayata ko ina ba ta madara. Na rantse masa ban ba ta ba, kuma gaskiya na faɗa. Shi ma sai sosa gemu yake yi. Ta warke, ta koma, ta warke, ta koma, kullum tana ƙara ramewa har ana ƙirga haƙarƙarinta.

Mahaifiyata ce ta fara lura da abin. Wata rana muna cin tuwo ta ce, "Kai ba ka ga wani abu ba? Magen nan duk ranar da gari ya yi lafiya sai ta kwanta. Ranar da aka kulle gari kuwa sai ta tashi tana tsalle-tsalle."

Na ce haba Umma, dacewa ce kawai. Amma da na koma ɗaki na bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya a kaina, sai na ga ko sau ɗaya maganarta ba ta kuskure ba.

Zance ba ya zama a gidanmu, kafin mako ya zagayo ya gama lungu. Wata maƙwabciyarmu ta shigo musamman ta tsaya daga nesa tana kallon kwalin. Ta ce wa mahaifiyata baƙar mage ce fa, kuma a ƙofar gidan da mutane suka gudu suka bari aka tsince ta, wa ya san abin da ya shigo cikin siffarta. Wasu kuma suka juya abin, suka ce magen tana sanin tashin hankali kafin ya zo. Har akwai wani dattijo mai sayar da goro da in mun haɗu da safe sai ya rage murya ya ce, "Malam, yaya mutuniyar ta tashi?" In na ce tana kwance ba lafiya, sai ya ce madalla, ya kama hanyar kasuwa da ƙwarin gwiwa. Wato ciwon magena ya zama albishir a unguwa.

Ni kaina ba zan yi muku ƙarya ba, na fara shakka. Ni da na yi shekara huɗu a jami'a, sai ga ni tsugune gaban kwali ina tofa wa mage addu'a, ina leƙa idonta ko zan ga wani abu. Ban ga komai ba sai kwantsa. Abin da ya fi damuna shi ne na rasa abin da zan roƙa. In na roƙi gari ya zauna lafiya, kamar ina roƙa mata ciwo ne. In na ji daɗin ganinta tana wasa, sai in tuna wani yana can an kai shi asibiti ko maƙabarta. Na shiga ruɗanin da ban taɓa shiga ba, a kan halittar da ba ta kai nauyin kwanon sha ba.

Ranar wata Litinin mahaifiyata ta kira ni ta ce ta gaji. Mata sun daina shigowa gidan, ana nuna mu da baki. Ta ce ta ba ni zuwa Juma'a, in an sauko daga masallaci za a sa magen a buhu a kai ta bayan ganuwa a saki. Na san a yadda take ko kwana ɗaya ba za ta yi a can ba. Na dubi Inna ko za ta sa baki, don maganarta ce kaɗai mahaifiyata ba ta tsallakewa. Inna ta kau da kai tana gyara faifan da ta rufe ƙwaryarta da shi.

Ranar Laraba gari lafiya lau, mun buɗe shago ke nan sai tayar wata mota ta fashe a bakin kasuwa. Kafin a gane taya ce, kowa ya ranta a na kare, wani ya bar takalmi, wani ya bar mayafi. Baffana ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, mu rufe mu tafi gida. Shi ya sa na dawo da hantsi, lokacin da ban taɓa kasancewa a gida ba in ana fita.

Na leƙa kwali, ba mage. Na ɗauka mahaifiyata ta kasa jiran Juma'a, har na nufi ɗakinta raina a ɓace, sai na ji murya ƙasa-ƙasa daga ɗakin Inna, ana magana da Fulatanci cikin lallashi. Na yi sallama na ɗaga labule. Inna tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafu, magen tana kan cinyarta ta tsoma baki cikin ɗan ƙoƙo. Tana shafa mata baya tana kiranta da sunan wata saniyarta da ta mutu tun ba a haife ni ba.

Da ta gan ni ta yi wuf ta kife faifai a kan ƙoƙon. "Ita ta shigo min. Korarta nake yi."

Na dubi gashin bakin magen, fari fat da madara. Na samu waje na zauna. Na ce, "Inna, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun ranar da likitanka ya ce a hana ta. Marainiya ce, maigida. Ɗan maraƙin da uwarsa ta mutu ta bari, me ake ba shi? Kifi? Ina jin kukanta in kun fita, raina ba ya ba ni. Kullum na ga ta ƙara lalacewa sai in ƙara mata ludayi ɗaya, in ce ko ba ta ƙoshi ba ne."

A nan komai ya warware min. Ranar da gari yake lafiya, hanya a buɗe take, madara tana isowa daga ruga, ni kuma ina kasuwa. Ranar da aka kulle gari ba mai shigowa da ita, sai cikin magen ya huta. Na dubi ƙwaryar Inna, na ga abin da ya rage mata bai kai rabi ba. Sai a lokacin na lura ita ma ta faɗa, wuyanta ya zurma. Makonni tana raba abincinta biyu, mu muna can muna neman aljani.

Faɗa mata ya fi min ratsa shingen sojoji wuya. Na yi ta kame-kame, daga ƙarshe na ce, "Inna, madarar ce take sa ta zawo."

Ta dube ni kamar na zage ta. "Madarar saniya? Wadda aka tatso da asuba?"

Na ce ita.

Ta ce, "Da ita na raini ubanka. Ya yi wata jinya yana ƙarami, har an fid da rai, ba abin da yake karɓa sai ita. Cokali-cokali na riƙa ba shi har ya tashi." Muryarta ta ɗan karye, ta juya fuska wajen bango. Tunda nake, ranar na fara jin ta yi zancensa da bakinta.

Na kira likita a waya na gaya masa. Ya yi salati, ya yi dariya har da tari, sannan ya ce in ba Inna wayar. Ashe shi ma yana jin Fulatanci. Sun daɗe suna gaisawa, har shanu sai da ya tambaya. Daga baya ya yi min bayanin abin da ya ce mata, cewa cikin mage ba irin na maraƙi ba ne, da yawansu madarar shanu ba ta narke musu, ita kuma wannan cikinta ya riga ya yi rauni. Ya ce in ta warke sarai, Inna tana iya lakato kindirmo a yatsa ta ba ta, shi bai cika yin illa ba, amma kada ya wuce haka. Da ta miƙo min wayar ta ce, "To, na ji. Amma kada ka gaya wa uwarka." Na ce Inna ai wannan ce kaɗai hujjar da za ta hana a jefar da ita. Ta ce, "Na ce kada ka gaya mata." Na fahimce ta, na yi mata alkawari. Tsohuwar da ta ce kada a kawo mata mage ƙofar ɗaki, a ce an kama ta tana goyon mage a cinya, a gaban surukarta da matan unguwa, abin ya fi ƙarfinta.

Alhamis madara ta zo, ba a ba magen ba. Zawon ya ragu, amma ba yadda za a yi in nuna wa mutum kwana ɗaya in ce ga hujja. Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da mahaifiyata a tsakar gida da buhu a hannu, maƙwabciyar nan tana gefe ta zo ganin ƙwal uwar daka. Na fara magiya, in ce a ƙara min mako, in ce likita ya gano wani abu. Mahaifiyata ta ce me ya gano? Ga amsa a bakina, ga alkawari ya danne ta, sai zufa nake yi.

Sai muka ji ƙarar sandar Inna. Ta fito a hankali, ta ratsa tsakar gida, ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki magen daga kwali ta rungume ta a ƙirji, a gaban kowa.

Ta ce, "Ba aljani a jikinta. Ni ce. Ni nake ba ta madara in yaron nan ya fita, ashe ita take ɓata mata ciki. Ranar da aka hana fita madara ba ta zuwa, shi ya sa take samun sauƙi. Magen tawa ce. In akwai wadda za a sa a buhu, ni ce."

Mahaifiyata ta saki buhun ta durƙusa. "Allah ya huci zuciyarki, Inna. Wallahi ban sani ba." Maƙwabciya ta ce ta bar tukunya a wuta, ta zame ta fice. Inna ta juya da magenta ta shige ɗaki ta saki labule, ba ta ƙara fitowa ba sai la'asar. Can na jiyo mahaifiyata a madafa tana dariya tana share hawaye da bakin zani.

Magen ta rayu. Idonta na hagu bai taɓa washewa ba, kuma cikinta har ta tsufa ba ya son wasa, abu kaɗan sai ya ɓaci. Dattijo mai goro ya daɗe bai yafe min ba, ya ce na lalata masa hanyar sanin gari. Kwalina kuwa ya zama na banza, don a ɗakin Inna ta koma kwana. Kullum da hantsi Inna za ta lakato kindirmo a yatsa ta miƙa mata, tana cewa likitan nan bai san komai ba, amma ko sau ɗaya ba ta ƙara ba ta madara ba.

Inna ta rasu bayan gari ya lafa. An daɗe magen tana zuwa ƙofar ɗakin da hantsi ta zauna tana jira, sai mahaifiyata ta karɓi aikin lakato kindirmon.

In na tuna wannan lokaci, ba shingen sojoji ko surutun unguwa ne yake fara zuwa min ba. Abin da yake zuwa shi ne na yi shekara ashirin da wani abu a gida ɗaya da Inna ina zaton ba ta damu da mahaifina ba, don ban taɓa ganin ta nuna ba. Ban san cewa ita irin son da take yi ke nan ba, sai kowa ya fita, an saki labule. Abin yana min ciwo har yanzu, don na yi mata mummunan zato shekara da shekaru ba ta sani ba. Da tayar motar nan ba ta fashe ba, da magen ta mutu a bayan ganuwa, ni kuma da har yau ban san Inna ta taɓa zama da cokali a hannu tana roƙon Allah ya bar mata ɗanta ba.